Takardun da Muka Ci da Ƙosai

Tun da na dawo daga Dubai ba a bar ni na huta ba. A makaranta, a gidan suna, har a bakin shago, tambayar ɗaya ce: "Hajiya Uwani, yaya Dubai? Kin hau dogon benen nan? Ina tsaraba?" Na gaji da maimaitawa. Malama Hadiza, wadda ta koya mini riƙe biro ina da shekara arba'in da tara, ta ce in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. To ga shi. Mai son labarin gwal da dogon bene ya nemi wata Hajiyar, ni ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙanena na je fitarwa daga hannun hukuma.

Sana'ata kayan kicin ce: kuloli, filas, faranti, wani lokaci labule. Shekara ashirin ina yi, ban taɓa taka Dubai ba. Ta waya nake saye, masu shago su kai kayan sito, ƙanena Habu da ke aiki a kamfanin jigilar kaya a unguwar Deira ta Dubai ya loda mini a kwantena. Da yake a da ban iya rubutu ba, alamata koren ƙyalle ce. Duk kwalin da aka ɗaura wa koren ƙyalle nawa ne, masu lodi sun sani. Bayan na shiga makarantar manya Habu ya sha ce mini, "Yaya, yanzu kin iya rubuta sunanki, a daina ƙyallen nan, a koma suna da lamba." Ni kuma in ce masa ƙyallen bai taɓa ɓatar mini da cokali ɗaya ba, ya bar ni da abina.

A kwantenar ƙarshe, cikin kayana, sai ga wani tsohon akwatin ƙarfe baƙi, da koren zare mai faɗi a ɗaure a hannunsa. Na ɗauka Habu ne ya tsinto mini, don yakan yi haka. Na sa aka fasa kwaɗon. Takardu ne maƙil, ƙunshi-ƙunshi, sun yi ja don tsufa, wasu ma ba takarda ba ce, fata ce da jan danko a gindinta. Akwatin na so, don ajiye atamfa. Takardun na juye a buhu. Akwai wani ƙunshi mai rubutu kamar an zana da allura, layi-layi a jere, shi na ajiye kwana biyu ina kwaikwayo a littafina don hannuna ya faɗa, kamar yadda Malama ta ce mu riƙa kwafar duk rubutu mai kyau. Da na gaji na mayar da shi buhun, na aika wa Talatu mai ƙosai da ke bakin layinmu. Duk tsohuwar takardar gidana ita nake ba, tun ba yau ba.

Bayan sati uku wata mata ta kira ni. Ta ce sunanta Rifkatu, 'yar Kagoro, tana shara a benen da ofishin su Habu yake. Ta ce Habu yana tsare. Akwatin na wata Baturiya ce, ta ba kamfanin ya kai mata ƙasarsu, ta ɗaura masa koren zare don ta gane abinta. Masu lodi suka ga kore suka tura shi cikin kayana. Da aka bi sawu, aka ga Habu ne ya sa hannu, aka ga akwatin ya tafi gidan yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ko ni ce alƙali, sata zan ce.

"Hajiya, idan akwatin ya dawo yadda yake, matar ta janye, zai fita," in ji Rifkatu. "Yana nan dai ko?"

Na ce yana nan. Ban ce mata komai game da abin cikinsa ba.

Ko mayafi ban gyara ba na isa wurin Talatu. Buhun yana gefen murhu, bakinsa a buɗe. Fatun ba ta taɓa ba, ta ce ba sa naɗuwa. Masu kauri ta hura wuta da kaɗan. Masu laushi kuwa, irin na ƙunshin da na kwafa, su ta fi so.

"Suna shan mai da kyau, Hajiya," ta ce. "Sun fi jarida."

Kwana huɗu ina bin gidajen unguwarmu ina tambayar wa ya sayi ƙosai, ina ya yar da takardar. Na tona bola da hannuna, ni da nake da surukai. Na samo wata a ƙarƙashin tiren mai shayi, wata a aljihun wani maigadi ya naɗe goro. Waɗanda na samo sun yamutse, sai na shimfiɗa zane na bi su da dutsen guga. Ɗaya ta ƙone a gefe, tawadar wata ta dushe. A lokacin gani nake gyara na yi.

Biza ta ɗauki kusan wata guda, Habu yana ciki duk tsawon kwanakin nan, matarsa Sa'a da 'ya'ya huɗu suna zuwa gidana kullum su zauna. Da bizar ta fito, tikitin da na samu daga Abuja yake tashi, don haka mota na fara hawa. Direba ya so ya cusa akwatin a but, kusa da jarkar manja. Na ce ko a mafarki. Na biya kujera biyu na zauna da shi a gefena, hannuna a kai tun daga Kano. Bayan Zariya, a wani shinge, jami'in tsaro mai bindiga ya leƙo ya dube ni ya dubi akwatin.

"Hajiya, gawa ce?"

"Da gawa ce da na fi samun sauƙi," na ce. Ya yi dariya ya ce mu wuce. Daga Kaduna zuwa gaba motar ta yi tsit, kowa ya san hanyar, kowa bakinsa yana motsi.

A filin jirgi suka ce akwatin ya yi nauyi, dole ya bi kaya. Na ciro takardun nan masu mai na sa a jakar hannuna, don kunyar kada a buɗe a gani. Sai na ga hannuna ya kai jaka yana neman ƙyallen da zan ɗaura don in gane akwatin a can. Na tsaya na dubi hannun. Na ari biro na rubuta sunana a takarda da manyan baƙaƙe, aka liƙa.

A Adis Ababa muka sauka canjin jirgi, muka zauna awa shida cikin sanyi. Wata 'yar kasuwa 'yar Fagge da ke zuwa kowane wata ta tambaye ni me zan saro. Na ce mayar da kaya zan yi. Ta ce shekararta goma sha biyar a hanyar nan ba ta taɓa ganin wanda ya kai wa Dubai kaya ba, ko dai kilishi ne. Na bar ta a kilishi.

Shiga Dubai ba hayaniya. Layi ne, ka tsaya, na'ura ta kalli idonka, a buga maka hatimi, ba mai ce maka sannu da zuwa, ba kuma mai neman na goro. A wurin duba kaya wata ma'aikaciya cikin baƙar abaya ta buɗe akwatin, ta buɗe jakata, ta ɗauko takarda ɗaya da yatsa biyu ta shinshina.

"Falafil?" ta ce.

Ban gane ba. Na haɗa ɗan Turancina da Larabcin da na tsinto a Makka na ce tsofaffin takardu ne, ɗan'uwana yana tsare. Ta dube ni jim, ta rufe akwatin da kanta ta ce, "Yalla, Hajja," wato in wuce. Daga baya Rifkatu ta gaya mini falafil ƙosansu ne. Ashe har a bakin iyakar ƙasa asirina ya tonu.

Rifkatu doguwa ce siririya, ta kusa hamsin, da ɗan gicciye a wuya. Ita ta tare ni, ta ɗauki gefe ɗaya na akwatin. Da ƙofa ta buɗe muka fita, zafin da ya buge ni ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona fata, nasu jiƙa mutum yake kamar an kifa maka tukunyar turara.

A Satwa take zaune, unguwar teloli da ƙananan shaguna. Filat ɗin ɗaki uku ne, ɗakinsu mata takwas, gado kan gado, kowace ta ja labule a nata. Ba ɗaki ake haya ba, gado ake haya. Akwai 'yan Filifin uku, 'yar Uganda, sauran ban riƙe ba. Kowace da kwanonta da sunanta a jiki a cikin firji. Rifkatu ta ba ni gadonta na ƙasa ta kwanta a tabarma, muka tura akwatin ƙarƙashi. Shekararta bakwai a gidan, ta ce ba ta san sunan mutumin da ke ƙofar da ke kallon tasu ba. A cikin lif na yi wa mutane sallama har sau biyu, suka dube ni kamar na roƙe su kuɗi, na daina. A Kurna, unguwarmu a Kano, in maƙwabci ya wuni ba a ji motsinsa ba, kafin la'asar an aika a duba. A can sai wari ya fito.

Da safe shayi ne mai kauri da suke kira karak, da wata gurasa mai mai ta 'yan Indiya. Ba laifi. Shinkafarsu kuwa duk ƙamshi, ba ta zama a ciki.

Ranar ziyara muka hau jirgin ƙasa mai tafiya ba direba, a taragon mata, sannan muka hau bas har inda gine-gine suka ƙare. Gidan yarin tsaf yake, da sanyin na'ura. Gilashi ne tsakanina da Habu, da waya a kowane gefe. An aske masa kai. Mutum mai shekara arba'in da huɗu, ya koma kamar babanmu a ciwon ajali.

"Yaya, kin zo da shi?"

"Na zo da shi."

"Cikakke?"

Na sunkuyar da kai. Ya san ni tun yana goye a bayana, bai sake tambaya ba. Ya jingina goshinsa da gilashin ya ce, "Talatu?" Na ce Talatu. Ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce in gaishe da Sa'a, in ce mata yana cin abinci.

Daga nan Rifkatu ta kai ni unguwar Abu Hail, wani filat da ake sayar da tuwo da miyar kuka, inda 'yan kasuwarmu ke haɗuwa. Aka nuna mini Alhaji Sabo, dattijon da ake kai wa matsala. Ya saurare ni yana suɗe hannu.

"Hajiya, abin mai sauƙi ne. Masu man nan ki zubar da su. Ki ce haka kika tarar da akwatin, shi ke nan. Takarda dubu ce, wa ya ƙirga?"

"In ta ƙirga fa?"

"Ki ce ruwa ya shiga kwantena. Baturiya ta san ruwa, ba ta san ƙosai ba."

Aka yi dariya. Na ce masa, "Alhaji, ƙanena yana ciki ne don an ce ya yi sata, bai yi ba. In na je na yi ƙarya aka kama ni, na tabbatar musu. Kai za ka shiga a madadinsa?" Ya ce shi shawara ya bayar. Na ce na gode, tuwon ma ya yi ruwa.

Baturiyar sunanta Nora, malamar makaranta ce, tana zaune a wani tsohon bene a unguwar Karama. Ta haura sittin, gashinta fari, gajere kamar na namiji. Na gaishe ta na tambayi mutanen Ingila. Ta ce ita ba 'yar Ingila ba ce, 'yar Ayilan ce, da irin muryar da Bazazzagi zai yi in ka ce masa Bakano. Rifkatu ce tafinta. Nora ba ta ba mu ruwa ba sai da ta buɗe akwatin. Ta sa farar safar hannu, ta ɗauko wani jeri da mahaifinta ya rubuta kafin ya rasu. Kowane ƙunshi da lambarsa, da yawan takardun da ke ciki. Na tuna Alhaji Sabo da "wa ya ƙirga" ɗinsa.

Tana ciro su tana faɗa, Rifkatu tana juya mini. Kakanninta masu ƙasa ne, irin ƙasar da mutum zai wuni a kan doki bai fita daga cikinta ba. Talakawa ba su da gona, tasu suke nomawa suna biyan galla, wato kuɗin hayar gona. Fatun nan takardun mallakar ƙasa ne. Akwai taswirar kowace gona da sunan mai noma ta. Akwai yarjejeniyar aure, wace gona amarya ta shigo da ita. Akwai wasiyyoyi, da wasiƙun 'ya'yansu da suka tafi aikin soja. Akwai littafi guda na dawakai da karnukan farauta, kowane kare da sunan uwarsa da ubansa har kaka bakwai. Gidan an sayar tuntuni, ya zama masauƙin baƙi, ita ce ta ƙarshe, ba ta da ɗa. Ta yi niyyar miƙa akwatin ga gidan adana takardun tarihi na ƙasarsu don kowa ya iya dubawa.

Ƙunshi biyu sun rasa kaɗan, ta ce wasiƙun sayen kaya ne, ta ɗaga kafaɗa. Sai ta zo lamba goma sha bakwai, ta ga babu. Ta sake dubawa. Na buɗe jakata na ajiye mata takardu biyar a tebur, mai ya huda su har ana ganin katako ta ciki.

"Goma sha huɗu ne," ta ce.

Na ce wa Rifkatu ta gaya mata komai: buhu, Talatu, ƙosai, bola. Nora ta ɗaga wadda ta ƙone a gefe.

"Tana tambaya me ya sami wannan," in ji Rifkatu.

"Guga na yi mata."

Rifkatu ta dube ni. Na ce ta faɗa. Da ta faɗa, Nora ta zauna, ta cire safar, ta rufe fuskarta. Ban san ko kuka take ko dariya ba, sai da na ga ruwa yana bin wuyan hannunta.

Da ta iya magana ta ce an taɓa yin yunwa a ƙasarsu, dankalin da talaka ke ci ya ruɓe a ƙasa shekara bayan shekara. Talakawa suka kasa biyan galla. Kakan kakanta ya ga ciyar da su ya fi tsada a kan korarsu, sai ya yi hayar jirgin ruwa, ya rushe bukkokinsu, ya loda su zuwa ƙetaren teku. Magatakardansa ya rubuta kowane gida, miji da mata da 'ya'ya da shekarunsu, da ƙauyen da aka tashe su. Takardu goma sha huɗun ke nan. Babu wani kwafi a duniya. Jikokin mutanen nan suna nan a Amurka da Kanada, suna neman daga ina suka fito. Akwai wani tsoho da ya shekara shida yana rubuto mata, yana neman sunan ƙauyen kakar kakarsa kafin ya mutu. Ta yi masa alkawari.

"Ba zan sa hannun janye ƙara ba," ta ce. "Wani ya ɗauki alhakin wannan."

A nan raina ya ɓaci. Na ce, "Rifkatu, gaya mata. Kakanninta sun kori mutane cikin yunwa, suka rubuta sunayensu da kyakkyawan rubutu, suka adana tare da na karnuka. Yau ita kuma ta sa an kulle uban 'ya'ya huɗu saboda takardar. Ta ɗauko biro ta ƙara sunan Habu a ƙasa, jerin ya cika."

"Hajiya, a rage kaɗan."

"Kar ki rage ko wasali. Ina jin Turanci daidai gane an rage."

Ta faɗa. Fuskar Nora ta yi ja har kunne. Ta ce ta san abin da kakanninta suka yi fiye da ni, shi ya sa ba ta sayar da takardun ba ko da aka taya. Abu ɗaya ya rage da gidansu zai iya mayar wa mutanen nan, sunayensu, ni kuma na naɗe abinci da shi. Ta tambaye ni, in nawa ne fa?

Ta taɓa inda yake ciwo. Kakata ta wajen uwa, Inna Dije, a wata yunwar aka kawo ta Kano tana yarinya, aka karɓi hatsi aka bar ta. Har ta mutu ba ta san garinsu ba, ba ta san sunan ubanta ba. Dijen ma a nan aka sa mata. Ba wanda ya rubuta komai. Da wani zai ce mini akwai takarda ɗaya mai sunan garin Inna, kuma wata mata ta naɗe ƙosai da ita, ban san abin da zan yi wa matar ba. Na gaya wa Nora haka. Na ce laifin nawa ne, ni na ƙi barin ƙyalle, ni na bayar da buhu. In kulle wani zai dawo da sunayen, a kulle ni a saki Habu.

Nora ta koma kan takardu biyar ɗin tana jera su. Don dai in ce wani abu, na ce ai na san sunaye ne a takardun, sunan Biriji ya yi yawa a ciki, da na Meri, kusan kowane gida.

Rifkatu ba ta gama juyawa ba Nora ta ɗago. Ta ce ta yaya na sani?

Littafina yana jakata, don Malama ta ce in riƙa rubuta abin da na gani a hanya. Littafin makaranta ne mai shafi tamanin, bangonsa ya naɗe. Na buɗe mata tsakiya. Shafukan da na kwafa ne, baƙi bayan baƙi, yadda na gani, da lanƙwasarsu da komai, ba tare da na san yadda ake furta rabinsu ba. Ta jawo littafin ba ta nemi izini ba. Ta ɗauko takardu biyar ɗin tana gwadawa. Ɗaya daga cikinsu na kwafa, don haka ta bi layi-layi da yatsa tana duba ko hannuna abin yarda ne. Kuskure biyu ta samu a shafi guda. Sauran shafukan da na kwafa, na takardu huɗu ne daga cikin taran da suka ɓata.

Ta nuna wasu sunaye da na ja wa layi a tsakiya, ta ce me ya sa. Na ce haka na gan su, na ɗauka mai rubutun ne ya yi kuskure ya soke, ni kuma Malama ta ce a kwafi komai. Ta ce ba kuskure ba ne. Waɗanda suka mutu ne tsakanin ranar da aka rubuta su da ranar da jirgin ya tashi. Na duba shafin da hannuna ya rubuta a tsakar gidana ina cin gyaɗa. A wani gida na soke biyar cikin bakwai. Shekarun da ke rubuce a gefen wasunsu su ne uku, da biyar, da ɗaya.

Ta nemi sunan da tsohon nan yake nema, ta bi duk shafukan sau biyu. Babu. Yana cikin biyar ɗin da ban kwafa ba.

Ta ce tana son littafin. Na ce ta yage shafukan. Ta ce masu adana takardu ba sa karɓar yagagge, sai cikakke, don a san daga hannun wa ya fito. A cikin littafin nan akwai wasiƙar farko da na taɓa rubutawa, da sunayen 'ya'yana tara har da ukun da suka rasu, da jan biron Malama a ko'ina. Na ce to, littafi a hannunta, takardar janyewa a hannuna. Ta ce ba ciniki take yi ba. Na ce ni ciniki nake yi, shi na iya.

Kafin in miƙa, na karɓi bironta na buɗe shafin ƙarshe na rubuta: Inna Dije, an kawo ta Kano a yunwa, ba a san garinsu ba. Rifkatu ta juya mata. Ta sa littafin a cikin ƙunshi na goma sha bakwai ta ɗaure da zare. Sai a lokacin ta tashi ta kawo mana ruwa.

Washegari ta je da kanta ta sa hannu a takardar janyewa, wadda suke kira tanazul. Duk da haka sai da aka ƙara kwana tara, daga wannan ofis zuwa wancan, kowa yana ce mini shuwayya shuwayya, wato a hankali. Habu ya fito, amma kamfanin ya riga ya soke bizarsa. Shekara goma sha ɗaya yana musu aiki, kayansa duka jaka ɗaya ce da bargo. Rifkatu ta raka mu filin jirgi. Na ciro zoben hannuna na ba ta, ta ƙi, na ce in ba ta karɓa ba zan yi mata ihu a gaban Larabawa. Ta karɓa. A jirgi Habu ya zauna jikin taga, daga Dubai har Adis yana kallon waje.

Nora ta aiko wa Rifkatu saƙo cewa akwatin ya isa, an karɓa, an ba littafina lamba. Ta ce ta rubuta wa tsohon nan gaskiyar abin da ya faru. Bai amsa ba.

Takardu biyar ne suka tafi, gida wajen goma a kowace. Mu muka cinye su, mutanen layinmu, da yaji. Ni ma na aika an sayo mini ƙosan Talatu a makonnin nan, ba sau ɗaya ba, kuma ban duba abin da aka naɗo shi da shi ba.

Masu tambayar tsaraba, Habu ne tsarabata. Yana shagona yanzu, yana zama a kan benci daga safe zuwa la'asar, ba ya son hira. Kwanan baya wasu kwalaye suka iso daga Legas, na miƙa masa biro ya rubuta sunana a jiki kamar yadda ya saba yi wa mutane. Ya dubi biron, ya mayar mini da shi.

"Ke rubuta, Yaya," ya ce. "Ni na daina sa hannu a kayan kowa."